KUƊIN KARATU: ƘOFOFIN DA KE BUƊE DA ABIN DA YA HANA MU SHIGA

(Jawabin da aka gabatar a madadin ɗalibai 'yan asalin Karaye da Rogo, a taronsu na ƙarshen zangon karatu.)



An ɗora mana nauyin yin magana a kan hanyoyin samun kuɗin karatu. Mun karɓi wannan nauyi ne saboda abin yana cinmu kamar yadda yake cin kowane ɗalibi da ke zaune a ɗakin nan. Idan harshe ya yi tuntuɓe a gaban manya, muna roƙon a yi mana gafara, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin mu shiga lissafin hukumomi da dokoki, muna so kowa ya tuna da waɗanda ya kamata a ce suna tare da mu yau, amma ba su nan. Akwai wani ɗan'uwanmu daga wani ƙauye a ƙasar Rogo, wanda muka shigo jami'a tare, ya kuwa ci jarrabawar shekarar farko da kyau. Mahaifinsa ya karɓi bashin taki da damina, saboda haka kaka na yi ya sayar da masararsa a lokacin da take da araha domin ya fita hakkin mutane. Sa'ad da aka buɗe rajistar shekara ta biyu, babu abin da ya saura a rumbu sai na ci. Yaron ya yi ta kai da kawowa har aka rufe rajista, sa'an nan ya ɗaure littattafansa ya koma gida. Abin da ya fi damunmu shi ne, a daidai wannan lokaci akwai ƙofar da ya cancanci shiga, tana buɗe. Shi bai ji labarinta ba, mu da muka ji kuma ba mu neme shi mun gaya masa ba. Wannan laifi yana wuyanmu, kuma shi ne dalilin wannan jawabi.

TUSHEN MATSALAR

Rigimar kuɗin karatu ta girme mu duka. A shekarar 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, an ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, watau daga Naira 1 da kwabo 50 zuwa Naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokaci, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ƙi amincewa, ɗalibai suka fito a ko'ina suna neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. Ɗalibin yau zai yi dariya idan ya ji kwabo 50, amma waɗancan magabata sun gane cewa duk ranar da aka fara ɗora nauyin jami'a a kan aljihun uba, ɗan talaka ne zai fara fita.

Abin da suka hango shi muke gani. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota daga Karaye ko Rogo zuwa Kano ya tashi, abinci ya tashi, hayar ɗaki ta tashi. A cikin wannan shekara ce kuma jami'o'in Tarayya da dama, har da Jami'ar Bayero, suka ƙara kuɗin rajista ya ninka fiye da sau biyu. A bisa ƙa'ida ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'in Tarayya, abin da ake karɓa kuɗin rajista ne da na hidimomi, amma manomin da aka ce ya kawo Naira 100,000 cikin mako biyu bai damu da sunan da aka sa wa kuɗin ba. Yawancin iyayenmu manoma ne, wasu masunta a dam ɗin Challawa, wasu masu noman rake. Kuɗinsu yana zuwa sau ɗaya ne a shekara, jami'a kuwa ba ta duba kalandar kaka kafin ta buɗe rajista.

ƘOFOFIN DA AKE DA SU

Ƙofa ta farko ita ce ta Jiharmu. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kano, wadda kowa ya fi sani da ofishin sukolashif, ita ce ke ba ɗalibai 'yan asalin jiha alawus idan an buɗe. Ban da wannan, gwamnatoci sukan ɓullo da shirye-shirye na musamman. A 2012 Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura ɗalibai 501 ƙasashen waje neman digiri na biyu. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya farfaɗo da shirin, aka ware gurbi 1,001 ga masu digiri mai daraja ta ɗaya, aka kai su ƙasashe irin su Indiya da Uganda. A shekarar ce kuma Gwamnatin Jiha ta amince da Naira miliyan 700 domin biya wa 'yan jiha 7,000 kuɗin rajista a Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin rajista ga 'yan jiha a manyan makarantunta. Waɗannan abubuwan alheri ne, ba mu raina su ba. Sai dai a lura, gurbin ƙasar waje na wanda ya gama ne, ya kuma gama da daraja ta ɗaya. Ba ya amfanin wanda ya kasa tsallake shekara ta biyu.

Ƙofa ta biyu ita ce ta Tarayya. Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi, takan sanar da gurabe ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati masu kyakkyawan sakamako, a yi jarrabawa a tace. Akwai asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973 domin horar da 'yan ƙasa a fannonin da suka shafi man fetur, kamar injiniyanci da ilmin duwatsu da ma'adinai. Asusun TETFund kuwa, kada wani ya ɓata lokacinsa yana rubuta masa takarda, domin shi gine-gine da bincike da ƙaro ilmin malamai yake ɗauka, ba ya biya wa ɗalibin digirin farko. Akwai kuma tsohon shirin musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hungary, wanda yayyenmu da yawa a Arewa suka mora, amma a 2025 Ministan Ilmi ya sanar da dakatar da shi. Wannan darasi ne: ƙofar gwamnati takan buɗe, takan kuma rufe ba da shawararmu ba.

Ƙofa ta uku ta kamfanoni ce. Kamfanonin mai da iskar gas, da gidauniyar MTN da makamantansu, sukan ba da tallafi a kai a kai ga masu ƙwazo, yawanci a fannin kimiyya da fasaha, ita MTN har da wani kaso na musamman domin ɗalibai makafi. A nan ba a tambayar wa ka sani. Sakamakonka ake dubawa, sa'an nan a zaunar da kai gaban kwamfuta a yi maka jarrabawa. Saboda haka wanda ya yi wasa da shekarar farko ya rufe wa kansa wannan ƙofa, tun ran gini ran zane.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta fi faɗi, kuma ita aka fi jahilta a yankinmu, watau bashin karatu na NELFUND. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yuni na 2023. Waccan doka ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, har da kawo mutum biyu masu tsaya wa ɗalibi, shi ya sa aka soke ta aka yi sabuwa a watan Afrilu na 2024, wadda ta cire wannan sharaɗi, aka kuma buɗe karɓar takardu ta intanet a watan Mayu na shekarar. Tsarin shi ne, asusun yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, wanda ya nemi na ɗawainiya kuma a riƙa sa masa a asusunsa na banki, an fara da Naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa a kai. Ana fara biya ne shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko abin da mutum ke samu.

Mun ji iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu nema don tsoron riba, wasu kuma don tsoron za a zo a kama gonarsu. Wajibi ne mu zauna da su mu karanta musu sharuɗɗan da Hausa, su kuma kai wa malamai su tambaya. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan'uwanmu da suka ɗauke shi rabon arzikin ƙasa, suna cewa wa zai biya. Muna tuna musu cewa an taɓa kafa hukumar bashin ɗalibai a ƙasar nan a 1972, rashin biya yana cikin abin da ya durƙusar da ita, aka yi shekaru masu yawa na baya ba su sami komai ba. Bashi sunansa bashi. Wanda ya ci ya ƙi biya, hakkin ƙanensa ya ci. Bugu da ƙari, a 2025 an yi ta ƙorafi a ƙasar nan cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba. Don haka wanda ya nema ya riƙa duba shafinsa, idan kuwa ya riga ya biya da kansa kafin kuɗin su iso, ya nemi a mayar masa da nasa ta hanyar da ta dace.

ABIN DA YA HANA MU SHIGA

Tun da ƙofofi sun kai haka, me ya sa har yanzu 'yan'uwanmu suke komawa gida? Mun ga dalilai uku, dukansu kuwa a hannunmu maganinsu yake.

Na farko rashin labari. Yawancin waɗannan gurabe ana buɗe su ne na 'yan makonni a intanet, sa'an nan a rufe. Ɗan birni yana gani ranar da aka sanar. Ɗan Zoza ko Ruwan Bago ko Yammedi da ya tafi hutu ya shiga gona, sai ya dawo makaranta yake jin an yi an gama.

Na biyu takardu. Wannan shi ne ya fi cin mutane, ga shi kuwa ƙaramin abu. Sai ka ga yaro sunansa Muhammad a takardar JAMB, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Mamman a banki. Shekarar haihuwarsa a nan dabam, a can dabam. Mutum zai gane cewa duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta da wannan uzuri, da ta ga lambar NIN da ta BVN da ta JAMB ba su dace ba sai ta watsar. Wani kuma mai shagon kwamfuta ne ya cika masa takarda tun yana sakandare, ya sa lambar wayarsa da imel nasa, saboda haka duk saƙon da aka aiko ba ya isa ga mai shi. Wani bai taɓa karɓar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ba sai ana gobe za a rufe.

Na uku, wanda ya fi ɗaci, halin ƙungiyoyinmu ne. Bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ina kuɗin da muke tarawa yake tafiya? Makon ɗalibai, buga kalanda mai hotunan shugabanni, riguna, da allunan lambar yabo da muke ɗauka gida gida muna kai wa masu hali domin a ba mu na mota. Mun mai da ƙungiya hanyar maula. Idan zaɓe ya matso, a tara mu a raba mana 'yan dubbai a ambulan, a ɗauki hoto, mu yi tafi. Ba mu ce kyautar ɗan siyasa haram ce ba, wanda ya taimaki ɗalibi Allah Ya saka masa. Amma abin da ke zuwa shekarar zaɓe ya ɓace shekara uku ba abin dogara ba ne, kayan aro ba ya rufe katara. Kuma duk wata hukuma ko gidauniya da ke taimakon ƙungiyoyi, abin da take fara tambaya shi ne rajista da Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, da tsarin mulki a rubuce, da asusun banki da sunan ƙungiya, da lissafin bara. Ƙungiyar da kuɗinta ke aljihun ma'aji ba ta da bakin neman ko sisi.

SHAWARARMU

Muna kawo shawara uku gaban wannan taro.

Ta farko, a kafa kwamitin takardu. Ƙaramar Hukumar Karaye tana da mazaɓu 10, Rogo ma 10. A sami wakili ɗaya a kowace mazaɓa, daga Turawa da Kurugu da Tudun Kaya har zuwa Fulatan da Zarewa da Beli, wanda zai riƙe sunayen dukan ɗaliban mazaɓarsa da ke manyan makarantu, ko a Bayero suke, ko Wudil, ko Northwest, ko Zariya, ko wata kwaleji. Da an buɗe wani gurbi, ya tabbatar labari ya isa ga kowa cikin kwana biyu, ko da ta sanarwa ce a masallacin Juma'a. A lokacin dogon hutu kuma kwamitin ya zagaya makarantun sakandare, ya duba takardun 'yan ajin ƙarshe, a gyara suna da ranar haihuwa tun kafin su rubuta JAMB. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa, ƙafa yake bukata da haƙuri.

Ta biyu, mu tsabtace gidanmu. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ba a cire komai sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu malami uban ƙungiya. A karanta lissafi a bainar jama'a ƙarshen kowane zango. A dakatar da kalanda da lambar yabo har sai ranar da babu ɗan Karaye ko Rogo da ya rasa rajista.

Ta uku, wadda ita ce babba, a kafa gidauniyar karatu ta ƙasar Karaye da Rogo, mallakar jama'a, wadda ba ta jam'iyya ba ce. Dokar da aka yi a watan Yuli na 2024 ta sa Masarautar Karaye ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu daidai, saboda haka inuwar da za a fake a ƙarƙashinta tana nan. Muna roƙon iyayen ƙasa, ta bakin wakilansu da ke nan, su karɓi riƙon amanar, tare da malamai da 'yan kasuwa da yayyenmu ma'aikata. Mu ɗalibai aikinmu kawo sunaye da bin diddigi, kada a bar kuɗin a hannunmu.

Wani zai ce ina talaka zai sami abin zubawa? Bari mu yi lissafi na misali. Idan aka sami mutum 500 daga cikin 'yan yankin nan da suka yi karatu suke aiki ko kasuwanci, kowa ya ba da Naira 1,000 a wata, an tara Naira miliyan 6 a shekara. Idan rajistar ɗalibi ɗaya Naira 100,000 ce, an ceci mutum 60. Manomi kuma ba sai ya kawo kuɗi ba. Idan kowace mazaɓa ta tara buhu 10 na masara ko dawa ko waken suya da kaka, an sami buhu 200. A ajiye, kada a sayar sai hatsi ya yi daraja. Watau faɗuwar farashin kaka da ta kori ɗan'uwanmu daga makaranta, ita ce za mu juya ta zama ribar gidauniya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun san gayya, sun san adashi, sun san ciyar da almajirin da ba su san garinsu ba. A tarihin Musulunci ma da wakafi aka raya ilmi. Masallacin Ƙairawiyyin da ke birnin Fas a Maroko, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilmi na duniya, wata mata ce, Faɗimatu al-Fihriyya, ta gina shi da dukiyar gadonta a shekarar 859. A nan Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, ana iya neman shawararta a kan yadda ake tsara wakafi. Mai hali da zai bar gona ɗaya ko shago ɗaya a kasuwar Karaye ko ta Rogo domin ɗalibai, ya bar abin da zai daɗe bayan an manta da sunan kowa a ɗakin nan.

Wani kuma zai ce an sha kafa irin wannan, ƙarshenta a cinye. Gaskiya ne, kuma tsoron nan a kan hanya yake. Maganinsa a rubuta ƙa'ida tun kafin a karɓi kwabo. Kada a ba ɗalibi kuɗi a hannu, a biya wa makaranta kai tsaye, a liƙa rasit. Kada a taimaki wanda bai fara ƙwanƙwasa waɗancan ƙofofi huɗu ba, domin gidauniya ta cike giɓi ce. A fara da marayu da waɗanda suke shekarar ƙarshe. A keɓe kaso na musamman ga 'yan'uwanmu mata, domin mun sani namiji idan ya rasa shekara yakan yi ƙwadago ya dawo, mace kuwa idan ta koma gida da wuya a sake ganinta a aji, alhali asibitocinmu na karkara suna kukan rashin mata ma'aikata. A ƙarshe a liƙa sunayen waɗanda aka taimaka da abin da aka kashe a inda kowa zai gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan'uwa, ba mu ce a daina neman hakkinmu a wurin gwamnati ba. Ilmin ɗan ƙasa nauyinta ne, za mu ci gaba da tuna mata cikin ladabi, tare da sauran ɗaliban Jihar Kano. Amma kafin amsa ta zo, rajistar zango mai zuwa za ta buɗe, ta kuma rufe. Saboda haka muna roƙon kada a tashi daga taron nan sai an rubuta sunayen wakilai 20 na mazaɓu, an kuma zaɓi waɗanda za su kai wannan shawara gaban iyayen ƙasa a cikin hutun nan. Aikin farko da za mu ba wakilin kowace mazaɓa shi ne ya nemo mana duk wanda ya bar karatu saboda kuɗi daga 2023 zuwa yau, a ga wanda dokar makarantarsa ta yarda ya dawo. Shi wancan ɗan'uwa da muka ambata tun farko, mu da kanmu za mu je har gida mu same shi.